Tabar wiwi da ƙwayoyin taimakon barci: tambayoyi da amsoshi kan haɗa su

A ƙasashen da suka halatta tabar wiwi, irin su Kanada wadda ta yi hakan a watan Oktoban 2018, da Jamus a watan Afrilun 2024, da jihohin Amurka masu yawa, likitoci da masu harhaɗa magunguna sun saba jin wannan tambaya: shin mutum zai iya shan melatonin ko wani abin taimakon barci a daren da ya sha wiwi? A can har alawa ake sayarwa wadda aka cakuɗa abubuwan biyu a cikinta. A Najeriya da Nijar doka ta haramta wiwi, amma binciken da gwamnatin Najeriya ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sha'anin miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 10.6 ne suka sha ta a cikin shekara guda, shi kuma melatonin ana samunsa a manyan kantunan magani da kasuwannin intanet. Saboda haka tambayar ta shafe mu, ko da ba a yin ta a fili.

Shin akwai hanyar haɗa wiwi da melatonin da aka tabbatar ba ta da haɗari?

Babu wata hukumar lafiya da ta fitar da wani awo ta ce idan an bi shi haɗin ya zama mai aminci. Gaskiya ne melatonin shi kaɗai ba abu ne mai saurin kisa ba, kuma baligi mai lafiya da ya haɗa ɗan kaɗan daga cikinsa da wiwi ya fi yiwuwa ya tashi da nauyin kai da jiri a kan ya kwana a asibiti. Sai dai tsayawa a wannan amsa yaudarar kai ce, domin haɗarin da ya fi girma yana ɓoye a wurare uku: mai shan bai san ainihin abin da ke cikin ganyen ko ƙwayar ba, sau da yawa akwai abu na uku a jikinsa kamar tiramadol ko giya ko maganin asibiti, sannan rashin barcin da yake neman magani a kansa yawanci wiwin ce ta jawo shi ko ta ƙara masa ƙarfi.

Mene ne melatonin, kuma me ya bambanta shi da maganin barci na asibiti?

Sinadari ne da wata 'yar ƙaramar tsoka a tsakiyar ƙwaƙwalwa take fitarwa idan duhu ya yi, ta kuma rage fitar da shi idan haske ya shiga ido. Wani likitan fata a Jami'ar Yale mai suna Aaron Lerner ne ya fara ware shi a 1958, daga ƙwaƙwalwar shanu. Aikinsa kamar na ladani ne: yana sanar da jiki cewa lokaci ya yi, amma ba shi yake kamo mutum ya kwantar da shi ba. Wannan ne ya sa ya fi amfani ga wanda agogon jikinsa ya goce, misali matafiyin da ya tsallaka yankuna masu bambancin lokaci, ko matashin da barci ba ya ɗaukarsa sai ƙarfe uku na dare, ko makaho wanda haske ba ya daidaita masa dare da rana.

Ga mai rashin barci na yau da kullum kuwa, amfaninsa kaɗan ne. Wani nazari na 2013 da ya tattara gwaje-gwaje 19 ya nuna cewa yana rage lokacin jiran barci da kimanin minti 7, yana kuma ƙara tsawon barcin da kimanin minti 8. A 2017 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ba da shawarar kada a dogara da shi wajen magance rashin barci mai daɗewa. Ƙasashe ma sun sha bamban a kansa: a Amurka ana sayar da shi a kanti a matsayin ƙarin abinci, a Ingila kuwa sai da takardar likita, kuma nau'in Circadin mai miligiram 2 da Turai ta amince da shi a 2007 an ware shi ne ga masu shekara 55 zuwa sama, na ɗan lokaci.

Ai wiwi da kanta tana sa barci. Me ya sa ake cewa tana ɓata shi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a nan, kuma mai yin ta ba ƙarya yake yi ba. Sinadarin THC, wanda shi ne ke sa maye a wiwi, wanda kuma Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni suka ware a Isra'ila a 1964, yakan gaggauta barci a kwanakin farko. Matsalar tana fitowa ne daga baya. Ƙwaƙwalwa tana sabawa da shi, sai ta rage yawan wuraren da yake kamawa a jikin ƙwayoyinta, abin da ke sa adadin da a da yake kwantar da mutum ya daina yi masa komai. Daga nan sai ya ƙara, kuma a daren da bai samu ba idonsa ya bushe har asuba. Shi a ganinsa hakan hujja ce cewa wiwi maganinsa ce, alhali abin da yake ji alamar janyewa ce, wato jikin da ya saba da abu yana nemansa.

Akwai kuma batun ingancin barcin. THC yana danne matakin barci da ake yin mafarki a cikinsa, matakin da ke da hannu wajen tsara tunani da daidaita yanayin zuciya. Masu sha kullum sukan ce sun daɗe ba su yi mafarki ba, kuma idan suka daina sai mafarkai masu ƙarfi, wasu masu firgitarwa, su dawo musu a jere. Ana iya samun mutum ya kwanta awa takwas ya tashi kamar wanda ya kwana a tasha.

A irin wannan hali ne yawancin mutane ke zuwa sayen melatonin. Wato ba don su fara barci suke nemansa ba, sai don su cike gurbin da wiwi ta daina cikewa. A ra'ayina duk wanda ya kai matakin tunanin ƙara wani abu a kan wiwi domin ya samu barci, ya riga ya sami shaidar da yake buƙata cewa wiwin ta daina yi masa aikin da ya fara shan ta dominsa.

Me ke faruwa a jiki idan abubuwan biyu suka haɗu?

Kowanne yana kawo kasala da jinkirin tunani, kuma idan suka haɗu tasirin yana taruwa. Abin da aka fi gani shi ne magagi mai kaiwa har hantsi, da ciwon kai, da tashin zuciya, da raguwar saurin ɗaukar mataki. THC yana ƙara bugun zuciya da kimanin bugu 20 zuwa 50 a minti ɗaya, yana kuma sa jini ya sauka idan mutum ya miƙe tsaye farat ɗaya, shi ma melatonin yana ɗan sauke jini da dare. Ka ɗauki mutumin da ya farka ƙarfe biyu zai zagaya, babu wuta, ya diro daga gado da sauri: idonsa zai yi duhu, ƙafarsa ta kasa ɗaukarsa, ya faɗi a kan dakali ko a bakin banɗaki. Ga matashi wannan ƙujewa ce, ga dattijo kuwa karayar ƙugu ce.

Kashegari ma maganar ba ta ƙare ba. Direban da zai tashi da lodi bayan sallar asuba, ko mai tuƙa adaidaita sahu, ko mai aiki da injin niƙa, na iya jin ya wartsake alhali hannunsa da idonsa ba su dawo daidai ba. Shawarar da ake bayarwa a Kanada ita ce a jira aƙalla awa 6 bayan shan wiwi kafin a yi tuƙi, a kuma ƙara lokaci idan an haɗa ta da wani abu.

Me ya haɗa hanta da wannan magana?

Hanta ce ke narkar da melatonin, ta hanyar wani sinadarinta da ake yi wa laƙabi da CYP1A2. Duk abin da ya rage aikin wannan sinadari zai sa melatonin ya taru a jini, abin da ya ƙara masa aiki kuma zai sa ya ƙare da wuri. Hayaƙi, na taba sigari ko na wiwi, yana ƙara masa aiki. CBD, ɗaya sinadarin wiwin, yana rage masa aiki. Wato ganye ɗaya na iya jan melatonin ta ɓangarori biyu masu saɓani, gwargwadon yadda aka sha shi da abin da ke cikinsa, shi ya sa abin da ya yi wa wani daidai yake kwantar da wani har azahar.

Akwai magungunan asibiti da ke toshe wannan hanya ƙwarai. Fluvoxamine, maganin ciwon damuwa, yana ninka yawan melatonin a jini fiye da sau goma. Ciprofloxacin, wanda ake kira sifiro, kuma ake yawan sayensa a kemis da sunan maganin taifot, shi ma yana toshe ta, haka nan cimetidine na gyambon ciki da ƙwayoyin tsarin iyali masu sinadarin estrojin. Mai shan warfarin domin tsinka jini yana cikin haɗari ta fuska biyu, domin an ruwaito cewa melatonin da wiwi kowanne na iya canza aikin maganin har jini ya riƙa zuba.

Idan na karanta abin da aka rubuta a jikin kwalba, ai na san abin da nake sha?

Ba lallai ba ne. A 2017 masu bincike a Jami'ar Guelph da ke Kanada sun auna kayayyakin melatonin 31, suka tarar adadin da ke ciki ya kama daga kashi 83 cikin ɗari ƙasa da abin da aka rubuta zuwa kashi 478 cikin ɗari sama da shi, kuma 8 daga cikinsu na ɗauke da serotonin, wani sinadari mai aiki a ƙwaƙwalwa, wanda ba a ambata ba ko kaɗan. A 2023 wani bincike da aka buga a mujallar likitanci ta JAMA ya auna alawar melatonin iri 25 a Amurka, 22 daga ciki ba su yi daidai da rubutun jikinsu ba, har ma an samu ɗaya wadda babu melatonin a cikinta sai CBD. Wannan fa a ƙasashen da ke da dakunan gwaji da dokokin kare mai saye ke nan. Kwalbar da ta shigo a jakar matafiyi ba tare da lambar rajistar NAFDAC ba, ta kwana a rana a kan tebur, ba ta da wanda zai tsaya mata.

Ɓangaren wiwin ya fi muni, domin ƙullin da aka saya a lungu ba shi da rubutu ma sam. Ƙarfinta kuma ya ƙaru: a Amurka matsakaicin THC a wiwin da hukumomi ke kamawa ya tashi daga kusan kashi 4 cikin ɗari a 1995 zuwa kusan kashi 16 a 2022.

Akwai bambanci tsakanin zuƙar hayaƙi da cin ta a abinci ko alawa?

Akwai, kuma bambancin yana da girma idan maganar barci ake yi. Hayaƙi yana fara aiki cikin mintuna kaɗan, ya lafa cikin 'yan awoyi. Wadda aka ci kuwa, a alawa ko kek ko a dafa a shayi, takan ɗauki minti 30 zuwa awa 2 kafin a fara jin ta, tana iya kaiwa awa 4 kafin ta kai ƙololuwa, tasirinta kuma ya kai awa 12, domin hanta tana mayar da THC wani sinadari da ke shiga ƙwaƙwalwa cikin sauƙi. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya ci, ya jira minti arba'in, ya ga shiru, ya ƙara, ya bi da melatonin, sannan duka su taso masa lokaci guda a tsakar dare da faɗuwar gaba da ruɗewa da amai.

CBD da CBN fa, tunda an ce ba sa sa maye?

Rashin sa maye ba ya nufin rashin illa. CBD magani ne na gaske: a 2018 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Epidiolex domin wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu tsanani, kuma daga gwajinsa aka san cewa yana kawo gyangyaɗi da gudawa, yana kuma iya taɓa hanta, musamman ga mai shan valproate, wani maganin farfaɗiya. Wani gwaji da aka yi a Amurka da mutum kusan 1,800 masu matsalar barci ya kwatanta CBD mai miligiram 15 da melatonin mai miligiram 5 da kuma haɗinsu da CBN, wani sinadarin wiwin da ake tallatawa a matsayin mai sa barci, bai kuma nuna cewa haɗin ya fi melatonin shi kaɗai ba. Talla ce ta ɗaukaka CBN fiye da yadda bincike ya ɗaukaka shi. Sannan man CBD da yawa na ɗauke da ɗan THC, wanda ya isa ya fito a gwajin fitsari.

Sauran abubuwan taimakon barci fa, ban da melatonin?

Saiwar valerian tana ƙara kasala a kan ta wiwi. Kava da ashwagandha, tsirran da ake sayarwa a matsayin ƙarin abinci, duka an danganta su da lalacewar hanta a wasu mutane, don haka haɗa su da CBD ɗora wa hanta kaya biyu ne. Magnesium ya fi sauƙi, galibi gudawa yake kawowa, amma mai ciwon ƙoda bai kamata ya sha shi ba sai da izinin likita.

Wanda ya fi dacewa a yi magana a kansa a wajenmu shi ne maganin mura da ƙaiƙayi irin su Piriton da diphenhydramine da promethazine, waɗanda mutane ke saye a kemis don su yi barci saboda arha. Suna busar da baki, suna ƙara bugun zuciya, suna riƙe fitsari ga dattawa, suna kuma kawo ruɗewa, kuma wiwi tana yin wasu daga cikin waɗannan abubuwa ita ma. Game da haɗin gargajiya da ba a san abin da ke cikinsa ba, ya isa a tuna cewa zaƙami, wanda wasu ke kira haukata yaro, ana zuba shi a irin waɗannan haɗe-haɗe, kuma shi kaɗai ma yana kai mutum asibiti.

Wane haɗi ne yake iya kisa?

Wanda ya ƙunshi abin da ke danne numfashi: tiramadol, kodin, giya, da magungunan kwantar da hankali irin su diazepam da Lexotan da Rohypnol wanda ake kira roci. Waɗannan su ne ke sa numfashi ya yi ƙasa har ya tsaya, wiwi da melatonin kuma suna ƙara nauyin barcin da zai hana mutum farkawa ya ceci kansa ko ya juya idan amai ya taso masa. Tiramadol yana da ƙarin haɗari na sa jijjiga irin ta farfaɗiya. Gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, bayan wani rahoton BBC da ya nuna yadda yake yawo a Kano da Legas, amma hanin bai kawar da al'adar haɗa abubuwa biyu ko uku a dare ɗaya ba. Wanda ke shan ɗaya daga cikin waɗannan, ko da likita ne ya rubuta masa, tambayarsa ta wuce ta melatonin.

Abin da ake kira Kolorado ko kush, shi ma wiwi ne?

Sau da yawa ba ita ba ce. Ganye ne da aka fesa wa sinadaran da aka haɗa a ɗakin gwaji, waɗanda ke kama wuraren da THC yake kamawa a ƙwaƙwalwa da ƙarfin da ya ninka nasa, suna kuma kawo jijjiga da suma da lalacewar ƙoda da fita hayyaci. A Saliyo shugaba Julius Maada Bio ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan kush a watan Afrilun 2024, gwajin da aka yi daga baya kuma ya gano cewa wani ɓangare nasa na ɗauke da nitazene, sinadari mai ƙarfi dangin tiramadol da kodin da ke tsayar da numfashi. Duk abin da aka faɗa a sama game da sauƙin illar haɗa melatonin da wiwi bai shafi waɗannan ba.

Su wane ne bai kamata su kusanci wannan haɗi ba ko kaɗan?

Mai juna biyu da mai shayarwa, domin THC yana ratsa mahaifa, kuma an same shi a nonon uwa har kwana 6 bayan sha. Matasa, domin ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma kusan ɗaya cikin shida na waɗanda suka fara tun suna samari sukan kamu da jarabarta. Mai ciwon zuciya ko hawan jini, da mai farfaɗiya, da mai ciwon hanta, da mai ciwon suga wanda melatonin kan iya taɓa masa daidaiton sukari.

Rukuni biyu sun cancanci ƙarin bayani. Na farko shi ne wanda shi ko wani a gidansu ya taɓa samun taɓin hankali. Wani babban bincike da aka buga a 2019, wanda ya haɗa birane a Turai da Brazil, ya nuna cewa masu shan wiwi kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau uku wajen yiwuwar kamuwa da taɓin hankali, masu shan mai ƙarfi kullum kuma kusan sau biyar. Rashin barci na kwanaki tare da yawan surutu ko zargin mutane na iya zama farkon ciwon, kuma danne shi da ƙwayar barci jinkirta magani ne. Na biyu shi ne mai minshari mai ƙarfi wanda matarsa ke jin numfashinsa yana ɗaukewa sannan ya dawo da shaƙewa. Wannan ciwo ne na toshewar hanyar iska, a 2018 kuma ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta fito ƙarara ta ce kada a yi amfani da wiwi a kansa.

Wanda bai shirya daina wiwi yau ba, me zai yi ya rage haɗari?

Mafi sauƙi shi ne kada ya haɗa su a dare ɗaya, kuma kada ya ƙara musu abu na uku. Idan likita ya ga melatonin ya dace da shi, ƙaramin adadi ya isa: rabin miligiram zuwa ɗaya, awa ɗaya ko biyu kafin kwanciya, domin binciken da aka yi a jami'ar MIT ta Amurka ya nuna cewa ko miligiram 0.3 yana kai jini matakin da jiki yake kaiwa da kansa da dare, kuma ƙwayar miligiram 10 ba ta ninka barci, magagin safe take ƙarawa. Kada ya sake shan wani a tsakar dare don ya farka. Ya zauna a bakin gado na ɗan lokaci kafin ya miƙe. Kada ya kwana shi kaɗai a ɗaki a kulle idan ya sha abin da bai saba da shi ba, kada kuma ya kwanta da jariri a shimfiɗa ɗaya. Ya bar tuƙi da safe idan kansa bai washe ba. Waɗannan matakai suna rage haɗari ne kawai, ba sa kawar da shi.

Wace alama ce ke nuna a tafi asibiti nan take?

Idan an kasa tada mutum, ko numfashinsa ya yi jinkiri ko yana kakari, ko leɓɓansa sun canza launi, ko yana jijjiga, ko yana ciwon ƙirji, ko yana ganin abin da babu. A kwantar da shi a kan gefensa don kada amai ya shaƙe shi, kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwa, kada kuma a ce a bar shi ya yi barci zai wartsake. A tafi da kwalbar ko ragowar abin da ya sha.

Yara suna da nasu haɗarin, saboda alawar melatonin da ta wiwi ba su da bambanci da alawar kanti a idon yaro. Hukumar daƙile cututtuka ta Amurka ta ruwaito cewa rahotannin yaran da suka haɗiyi melatonin sun ƙaru da kashi 530 cikin ɗari tsakanin 2012 da 2021, sama da rahoto 260,000. Yaron da ya ci alawar wiwi kuwa a kai shi asibiti ko da bai nuna komai ba tukuna.

Idan na daina wiwi barci ya gagare ni, melatonin zai taimaka?

Yana iya taimakawa kaɗan wajen mayar da lokacin barci inda yake, kuma wannan ne wurin da ya fi dacewa da shi a duk wannan magana. Alamomin janyewa sukan fara cikin kwana ɗaya zuwa uku, su tsananta a makon farko, yawancinsu su lafa cikin mako biyu, sai dai matsalar barci da mafarkai na iya kaiwa wata guda ko fiye. Sanin wannan yana da amfani, domin mutane da yawa suna komawa ne a dare na huɗu ko na biyar, suna zaton haka za su dawwama.

Abin da ƙungiyar likitocin Amurka ta sa a gaba tun 2016 wajen magance rashin barci mai daɗewa ba ƙwaya ba ne, horo ne na gyara ɗabi'ar barci, wanda akan yi cikin makonni kaɗan. Ginshiƙansa su ne tashi a lokaci ɗaya kullum ko da daren bai yi daɗi ba, da ƙin hawa gado sai barci ya zo, da sauka daga gadon idan an yi kamar minti ashirin ido biyu, da taƙaita ƙailula. Wanda ke tashi sallar asuba ya riga ya sami tsayayyen lokacin tashi, abin da ya rage masa shi ne ya fita cikin hasken safiya maimakon komawa gado har ƙarfe goma. A kuma duba abin da ake sha da yamma: sinadarin da ke cikin goro da shayi da Nescafé yana ɗaukar kimanin awa 5 kafin rabinsa ya bar jini, don haka kofi mai kauri a teburin mai shayi bayan isha'i yana nan yana aiki har bayan tsakar dare.

Me doka da addini suka ce?

A Najeriya dokar tabar wiwi ta 1966 da dokar da ta kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA a 1989 sun haramta noma ta da mallakarta da sayar da ita, kuma hukuncin ɗauri ne. Halaccinta a Kanada ko Jamus bai ba kowa damar tsallaka iyaka da ita ba, alawar barci mai ɗauke da THC ko CBD kuma na iya jefa matafiyi cikin babbar matsala a filin jirgin Saudiyya ko na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ko da a kantin magani ya saye ta. A addinin Musulunci hadisi ya tabbata cewa duk abin da ke sa maye haramun ne, kuma malaman mazhabobi sun sanya wiwi a ƙarƙashin wannan hani tun ƙarnoni da suka wuce. Melatonin ba ya sa maye.

Me zan faɗa wa likita, kuma ina zan je?

A faɗa masa komai: abin da ake sha, sau nawa a mako, ta hayaƙi ko ta ci, yaushe aka sha na ƙarshe, da duk wata ƙwaya ko jiƙo da ake haɗawa da shi. Likita yana da nauyin riƙe sirrin mara lafiya, kuma yana buƙatar bayanin ne don ya san abin da zai rubuta, musamman idan za a yi tiyata, domin masu shan wiwi a kai a kai kan buƙaci maganin sa barci fiye da sauran mutane. Wanda ke fama da amai mai dawowa wanda ba ya lafawa sai ya yi wanka da ruwan zafi ya ambaci hakan, domin sananniyar alama ce ta daɗewa ana shan wiwi, kuma akan yi ta maganin gyambon ciki a banza kafin a gano ta.

Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Kware a Sakkwato da Maiduguri, da asibitin Dawanau da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, duk suna duba masu matsalar shaye-shaye da rashin barci, kuma ba kowa ake kwantarwa ba, da yawa ana ganinsu ne su koma gida a ranar. NDLEA ma tana da layin waya na kyauta da ta buɗe a 2022 domin ba da shawara a asirce. Idan za a je, a tafi da kwalaben duk abin da ake sha, har da na kemis da na gargajiya, tare da ɗan rubutun lokacin kwanciya da na tashi na mako ɗaya ko biyu.